Wifi na yankewa, kwamfutocina ba sa ganin juna, ina zargin ƙanin mijina

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a nan Damagaram, muna zaune a Birni, gidan gado ne na ƙasa. In na taso daga aiki ina buga wa mutane takardu a zaure, yawancinsu ɗaliban jami'a masu rubutun kammala karatu. Babbar kwamfuta da firinta suna zaure tare da akwatin wifi mai sim. Ƙaramar tana ɗakina, da dare nake aiki a kanta, in tura wa babbar, da safe in buga. Da can sai na fito tsakar gida nake samun rezo, amma abin yana tafiya. Wata huɗu da suka wuce ƙanin maigidana ya kawo wani akwatin na hannu, ya ja kebul daga zaure har falona don wifi ya kai ɗaki. Tun ran nan ban huta ba. Waya ta nuna ta kama wifi, saƙo ya ƙi tafiya. A yi kwana biyu lafiya lau, da an ɗauke kuran an maido sai abu ya dagule. Dosiyen da ke kan babbar yau in gan shi, gobe babu. Na koma ɗauka da kile na USB, kilen ya kwaso cuta, aikin wata yarinya na wata uku ya koma wasu gumaka marasa buɗuwa. Forfe kuma ba ya kai wata. Ga ƴan fadar ƙanin nan kullum dare a ƙofar gida, kowa kai a duƙe kan waya. Na ce ya ba su kod, maigida ya yi masa faɗa, yanzu gaisuwa ma da ƙyar. Hajiya surukata ta ce na zo raba mata ƴaƴa. In sauya kamfani ne, ko in bar sana'ar?
Daga Uwar ƴan biyu, Birni.

Wa alaikumus salam Malama. Kada ki sauya kamfani, kada ki bar sana'a, kuma ki ɗan sassauta wa yaron nan, don yadda na karanta takardarki ba ɓarawo nake hange ba. Ina hangen wanda ya zo gyara ya manta bai kashe abu ɗaya ba.

Kin haɗa kaya uku a ɗauri ɗaya, shi ya sa ya fi ƙarfin kanki. Akwai hanyar da ta fita daga gidanki zuwa intanet, wannan tsakanin sim ɗinki ne da eriyar kamfani. Akwai hanyar cikin gida, wadda kwamfutar ɗaki ke bi ta yi magana da ta zaure, ita kuwa ba ruwanta da kamfani, ba ta cin forfe ko na dala, ko da sim ɗin a cire yake za ta yi aiki. Sai batun wanda ke shan forfen. Ƴan fada, ko da a ce duk sun samu kod, iyakarsu su sa intanet ya yi nauyi su kuma cinye miki kuɗi. Ba su da hanyar sa dosiye ya ɓace daga allon kwamfutarki don an ɗauke kuran. Wannan alamar ta wani ciwo ce daban, kuma ke da kanki kin faɗi ranar da ya fara.

Duk waya ko kwamfutar da ta shiga wifi, akwati ne ke ba ta lamba, irin su 192.168.8.101, ya kuma gaya mata ƙofar da za ta bi in tana son fita intanet. Sunan wannan aikin DHCP, kuma kowane akwati yana fitowa daga kanti da shi a kunne. A gida ɗaya akwati ɗaya ne ya kamata ya riƙa rabon. Ki ɗauka a tasha ne, ƴan kamasho biyu suna yanka tikiti a bakin ƙofa guda. Na farko motarsa za ta Maraɗi, ta ɗumama inji. Na biyu motarsa na kan duwatsu, ko taya babu, amma tikitinsa da hatimi da lamba, ba ki bambanta shi da na gaskiya. Fasinja wanda ya fara miƙo masa hannu shi yake karɓa wa. Haka wayarki take: ta tambaya, wanda ya riga amsawa shi take bi. In akwatin zaure ya riga, ki sha intanet kwana biyu lafiya. In na falo ya riga, wayar ta samu lamba, ta nuna alamar wifi cike, amma ƙofar da aka nuna mata ba ta fita ko'ina. Kuran kuwa shi ke sake buɗe tseren, don da ya dawo akwatunan biyu suna tashi tare, kowace na'ura ta sake neman lamba. Ranar da babbar kwamfuta ta karɓa daga wannan, ƙaramar ta karɓa daga wancan, suna gida ɗaya amma unguwarsu daban, sai ki nemi dosiye ki rasa.

Ban ga gidanki ba, don haka kada ki karɓi maganata sai kin gwada, kuma gwajin ba ya cin ko sisi. Ki zare akwatin falo daga wuta, ki cire kebul ɗinsa daga jikin na zaure. Ki kashe kwamfutocin biyu ki kunna, wayoyi kuma a kashe wifi a sake kamawa. Ki koma zaman tsakar gida irin na da, kwana uku, har a ɗauke kuran a maido ko sau biyu ne. In abin ya lafa, kin kama mai laifi, kuma ba ya shan shayi a ƙofar gida.

In kina son gani da idonki tun kafin kwana ukun, ranar da abin ya ƙi ki danna maɓallin Windows tare da R, ki rubuta cmd, a baƙin allon da ya fito ki rubuta ipconfig. Kwamfutocinmu na nan da Faransanci suke, za ki ga layi biyu: Adresse IPv4, wato lambar kwamfutar, da Passerelle par défaut, wato ƙofar fitarta. Ki kwafe su a takarda, ki je ɗaya kwamfutar ki yi haka. Sai ki juya akwatin zaure, a ƙasansa akwai takarda manne mai ɗauke da lambarsa. Na Huawei masu sim yawanci 192.168.8.1 ne, wasu kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Lafiyayyen gida shi ne passerelle ɗin kwamfutocin biyu ya zama wannan lambar ta ƙasan akwati, gaɓoɓi uku na farkon lambobinsu kuma su zo ɗaya. In ɗaya na 192.168.8 ɗaya na 192.168.0, magana ta ƙare. In kuwa kin ga lamba mai farawa da 169.254, wannan kwamfutar ba wanda ya ba ta komai, ita ta ƙirƙira wa kanta, sai a duba kebul ko kod.

Gyaran na minti goma ne, kuma ba sai an jefar da akwatin falo ba, don tunanin yaron daidai ne. Katangar ƙasa irin ta Birni, mai kaurin da mutum zai kwanta a kanta, ba wifin da ke ratsa biyu ko uku ya fito da rai, balle an haɗa da ƙofar ƙarfe. Jan kebul shi ne maganin gaske, ya fi ƴan ƙananan na'urorin nan da ake soka wa a bango su maimaita rezo, waɗanda ke raba gudun gida biyu. Kebul na kai mita 100 bai gaji ba. Abin da ya rage kawai a shiga cikin akwatin falo shi kaɗai, ba a haɗe da na zaure ba, ta hanyar rubuta lambarsa a Chrome. In yana da zaɓin Point d'accès a zaɓa, shi ke nan. In babu, a kashe DHCP ɗinsa, a ba shi lamba daga gidan na zaure wadda ba kowa a kanta, misali 192.168.8.2, a soka kebul a ramin da aka rubuta LAN, a bar na WAN fanko. Daga nan ya daina yanka tikiti, ya zama mai nuna hanya kawai.

Na taɓa shan irin wannan a wani ofis da ba zan faɗi sunansa ba. Mako biyu suna zagin kamfanin layi, har sun rubuta takardar koke an sa hannu an buga hatimi. Na bi kebul da hannu, na rarrafa ƙarƙashin teburin sakatare, na tarar da wani tsohon akwati a bayan kwalin takardu, ƙura ta rufe fitilunsa, gizo-gizo ya yi gida a eriyarsa. Wani mai gadi ne ya soka shi don ya samu rezo a bakin ƙofa. Na zare shi, sakataren ya ɗago kai ya ce, «Malam, me ka taɓa? Ga shi ya dawo.» Takardar koken tana nan a kan tebur ba a kai ba.

In kin cire na falo amma yankewar ba ta daina ba, to a raba gardama tsakanin gida da waje. A baƙin allon nan ki rubuta ping 192.168.8.1 -t, wato lambar akwatinki, ki bar shi yana zuba. Ki buɗe wani allon ki rubuta ping 8.8.8.8 -t, wannan na Google ne, yana can waje. Muddin kina ganin Réponse de, ana amsawa. In na farko yana amsawa, na biyu yana rubuta Délai d'attente de la demande dépassé, cikin gida lafiya, rezo ne ko forfe, sai ki matsar da akwatin kusa da taga ko ki gwada sim ɗin wani layin kafin ki yanke hukunci. In duka biyun sun yi shiru tare, matsalar na tsakanin kwamfuta da akwati.

A nan kuma abin da na fi tararwa a garin nan zafi ne da caja. Yawancin akwatunan nan an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma takan wuce haka, balle zaure mai rufin kwano da ƙarfe biyu na rana. Ki ɗora tafin hannu a kansa bayan azahar. In ya yi zafi kamar murfin tukunya, ki sauke shi daga kusa da rufi, ki yaye masa ƙyallen da aka lulluɓa don ƙurar hunturu, ki hure ramukan iskarsa. Caja kuma ki karanta jikinta ki gwada da abin da aka rubuta a ƙasan akwati. Da yawansu volt 12 suke sha, kuma a gidan yawa caja ba ta da uwa, ta dikoda takan koma ta wifi ba wanda ya lura. Wadda ba ta kai ƙarfin ba za ta kunna fitilu, amma da aiki ya yi nauyi akwatin ya mutu ya tashi da kansa. Akwai ƴan ƙananan ondiler na volt 12 masu batir a ciki, in kin samu hali ki saya wa na zaure, kuran ya tafi ya dawo bai ma sani ba. Da damina kuma, in hadari ya haɗo da tsawa, ki cire kebul ɗin da ya ratsa tsakar gida.

Yanzu dosiye. Bayan lambobi sun daidaita, abu na farko da ke hana kwamfutoci ganin juna shi ne Windows ya ɗauki wifin gidanki a matsayin na kasuwa. Duk sabon wifin da ta kama, in ba a ce mata komai ba, takan iya ajiye shi a Réseau public ta rufe ƙofofinta, kuma wifin falo sabo ne a wurinta. A kwamfutocin biyu ki shiga Paramètres, Réseau et Internet, ki mai da shi Réseau privé. Daga nan a Paramètres de partage avancés ki kunna Découverte de réseau da Partage de fichiers et d'imprimantes. Babbar ta zama da kod na shiga, don Windows ba ya barin a shigo ta hanyar gida da sunan da ba shi da kod, kuma kada ki yarda a kashe miki wannan kariyar don sauƙi. Takardun mutane ne a ciki, da sunayensu da hotunansu.

Wurin nan da ake danna Réseau a jira gumakan kwamfutoci su fito, ki daina dogara da shi, ko a gidan da komai ke lafiya yakan yi nawa. Ki ba babbar lamba tsayayya wadda kuran ba ya sauyawa. Wasu akwatunan suna da wurin ajiye wa na'ura lamba, in naki ba shi da shi a rubuta mata da hannu a cikin Windows, kamar 192.168.8.50, a wajen jerin da akwati ke rabawa. Sai a ƙaramar ki danna Windows da R, ki rubuta \\192.168.8.50, dosiyen ya buɗe, ki ajiye masa gajeriyar hanya a kan allo. Wani ƙaramin abu da ke sa mutane kuka: kwamfutar da ta yi barci ba ta amsa sallama. Kina ɗaki da dare, ta zaure ta shiga veille tun bayan isha'i, dole ki ce dosiye ya ɓace. Ki sa mata Jamais a wurin barcin, allon kawai ya riƙa mutuwa.

Abu biyu za a iya ce miki a wurin masu gyara, ki san su. In an ce a haɗa miki Groupe résidentiel, Microsoft ta cire shi daga Windows 10 tun 2018, mai neman sa zai kwana yana nema. In an ce a kunna SMB1 komai zai fito, ki ce a'a. Tsohuwar ƙofa ce, ta nan cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, kuma ko Windows 7 ba ta buƙatarta don ta yi magana da sababbi. In babbar taki Windows 7 ce, tun Janairun 2020 aka daina aiko mata gyaran tsaro, Windows 10 ma an rufe nata a Oktoban 2025. Ba na ce ki zubar da ita ba, na san kuɗin wata, amma kada a riƙa yawon intanet da ita, a bar ta da bugu.

Aikin yarinyar nan kuma, in Allah ya so yana nan. Cutar gumakan ba ta share fayil, ɓoye shi take yi ta ajiye nata a madadinsa. Kada ki danna gumakan, kada ki yi wa kilen format. Ki sa riga-kafin kwamfuta ya wanke shi tukuna, sannan a baƙin allo ki rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in harafin kilen E ne. Ki kira yarinyar yau, tana can ba ta barci.

Saura forfe, inda zarginki yake. Mai yiwuwa ne ana shan miki, ban ce a'a ba. Amma ki tuna inda akwatin yake: a zaure, inda kowane mai kawo bugu ke zama yana jira, kod ɗin kuma a rubuce a ƙasansa in ba a taɓa sauya shi ba. Ban da haka, tun Android 10 duk wayar da ta shiga wifi tana iya fito da hoton QR wani ya ɗauka ya shige, ba sai an furta kod ba. Ƴan biyunki ma in suna taɓa wayarki za su iya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma naki tsagar ba ɗaya ba ce. Ki shiga cikin akwatin da dare lokacin da fada ta cika, ki duba jerin na'urorin da ke haɗe, ki ƙirga da na gidanki. Ki yi hankali da ƙirgar, wayoyin yanzu sukan fito ba suna, waya ɗaya ma ta fito sau biyu in ta shiga wifi biyu. Ko kin ga baƙi ko ba ki gani ba, ki sauya kod, ki sauya na shiga cikin akwatin shi ma, ki kashe WPS, maɓallin nan da ke barin na'ura ta shiga ba tare da kod ba. Sannan ki dubi ɓarayin cikin gida. Kwamfuta biyu masu ɗauko gyaran Windows da kansu suna iya lashe giga da yawa a dare ɗaya, maganinsu ki kunna Connexion limitée a kowacce. Ga WhatsApp mai sauke kowane bidiyon gurup, ga ke kanki in kina tura wa kanki fayil ta WhatsApp daga ɗaki zuwa zaure, kin biya zuwa kin biya dawowa a kan tafiyar taku ashirin.

Maganar gida kuwa, Malama, kin yi gaggawa, kuma na san zafin aikin yarinyar nan ne ya tunzura ki. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda ba a gwada ba. Yaron nan da kuɗinsa ko da roƙonsa ya samo akwati, ya hau katanga ya ja kebul don matar yayansa ta daina zama a tsakar gida da dare sauro na cizonta, ladansa ya zama faɗa a gaban mutane. Ƙanin miji abokin wasa ne, ƙofar sulhu da shi ba ta da nauyi. Kada ki aika maigida, shi ya riga ya yi nasa. Ki dafa abin da kika san yana so, ki kira shi da sunan tsokanar da kika saba, ki ce masa kin yi kuskure da kika kai ƙara ba ki tambaye shi ba, ki miƙa masa wannan amsar ki ce ya zo ku gwada tare. Shi ya haɗa akwatin, shi ya san kod ɗin shigarsa, gyaran a hannunsa ya fi sauri. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Hajiya kuma ba sai kin yi mata bayanin DHCP ba, ta gan shi zaune a zaurenki da kwano a gabansa ya ishe ta.

In ya fito fili ya ce eh, ya ba abokai biyu kod, kada ki tayar da tsohon zance. Akwatuna da yawa suna da Wi-Fi invité, wifi na baƙi mai kod ɗinsa daban, wanda ke kai mutum intanet amma ba ya barinsa ya leƙa dosiyenki. Ki buɗe musu shi in kin ga dama, da sharaɗin fada ta riƙa haɗa wani abu duk wata a zuba a forfe, ko jika ɗaya ce daga kowa. Ki dai kula ƙaramar kwamfutarki kada ta kama na baƙin, don in ta kama za ki sake neman dosiye ki rasa.

In kwana ukun sun cika abin bai lafa ba, ki sake rubuto mini, ki haɗo da lambobin ipconfig na kwamfutocin biyu, da abin da aka rubuta a jikin cajar akwatin zaure, da lokacin da yankewar ta fi yawa, rana ne ko dare.